Notin Aljihun Baba

"Ni fa abinci na zo ci, ban zo ɗaurin aure ba," in ji Baba Abarshi, yana hawa matakalar jirgin da ƙyar.

Susanna ta kama masa hannu. Wata takwas ke nan tana roƙon mahaifin nata ya zauna da Japheth, malamin firamaren Samaru da ke neman aurenta, shi kuwa kullum amsarsa guda ce: yaran yanzu ba sa duba ƙasa. Tun rasuwar Mama ita kaɗai ta rage masa a gidansu na Muchia, kuma ta riga ta faɗa wa Japheth cewa in Baba bai sa albarka ba, to, babu aure, ko da son zai kashe ta.

Shi ya sa ta zaɓi nan. Wani tsohon jirgin sama ne da ya daina tashi, aka jawo gangar jikinsa bayan unguwar PZ aka mai da shi gidan abinci. Kujerun na da ne, har da bel ɗinsu, takardar abinci an buga ta kamar tikiti, an rataye farfela a bakin ƙofa. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana gyaran jirage kafin ya yi ritaya. Yana shiga ya shafa bango, ya ɗan yi tsaki a kan fentin, amma dai ta ga fuskarsa ta saki.

Japheth ya riga su zuwa, ya sha farar riga sai ka ce mai zuwa coci ranar Kirsimeti. Ya durƙusa ya gaida Baba. Aka kawo shinkafa da kaza da zoɓo mai sanyi.

Ana cikin ci Susanna ta ga hannun Baba ya shiga aljihu ya fito. Wani ɗan ƙarfe ya faɗi ƙasa, ya gangara gefen takalmin Japheth.

Noti ne. Ta san wannan jarrabawar tun tana 'yar ƙarama. A wurin aikin Baba, in aka tsinci noti a ƙasa, babu jirgin da zai tashi sai an gano inda ya kwance. Haka yake gwada sababbin makanikai: wanda ya ture notin da ƙafa, kashegari ba ya dawowa. Ta so ta yi wa Japheth ido, amma Baba ya tsare ta da kallo. Sai ta sunkuyar da kai tana addu'a a zuci.

Japheth ya ajiye cokali, ya ɗauki notin. Ya nemi gafara, ya durƙusa da farar rigar nan tasa, ya bi ƙafafun tebur, ya girgiza kujerar Baba, ya duba ta Susanna. Mutanen teburin baya har sun fara dariya, shi ko a jikinsa. Abincinsa ya huce.

Can ya miƙe, gwiwoyinsa duk datti.

"Baba, na duba, kujerarku lafiya take. Amma wannan ba na nan ba ne... Na nan duk sun yi tsatsa. Wannan ya sha hannu har yana sheƙi. Akwai mai shi, kuma yana ji da shi."

Baba ya ƙura wa notin ido. Ya ce ranar da ya nemi auren mahaifiyar Susanna yana ɗan koyo, ba shi da zobe, wannan notin ya zura mata a ɗan yatsa. Mama ta yi dariya har da hawaye, amma shekara ashirin da bakwai yana ƙulle a bakin zaninta. A asibiti aka kwance aka ba shi.

Susanna ba ta taɓa jin labarin nan ba. Hawaye suka zubo mata, kewar Mama ta taso sabuwa fil.

Japheth ya miƙa notin da hannu biyu. Baba ya kama hannun, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Riƙe, ɗana. Ka turo manyanka ranar Asabar." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma share ido, ki ce su ɗumama wa yaron nan abincinsa."