Saifar Sufyanu

Husna tana tace gasara a tsakar gida sai ga Gwaggo Lantana, uwar mijinta Sufyanu, ta shigo da wanzami a bayanta. Husna ta saki aikin ta miƙe.

Tun farkon damina Sufyanu yake kwance a gidansu na Maradun. Likita bai ɓoye wa Husna komai ba: ciwon daji ne a cikinsa, ya fara yaɗuwa, har jini ya daskare a jijiyar saifa, shi ya sa gefensa na hagu ya kumbura. Aka ɗora shi a kan allurar tsinka jini, aka ja mata kunne kada ko reza ta taɓa jikinsa. Gwaggo kuwa ba ruwanta da dogon Turanci. A wurinta saifa saifa ce, kuma duk 'ya'yanta da tsaga suka warke tun suna goye.

Husna, wadda ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, ta je ta durƙusa a ƙofar ɗaki ta tare hanya.

"Gwaggo, don Allah ku yi haƙuri. In anka tsaga shi jinin bai tsayawa."

"Ke ɗiyar ga! Ni nih haihe shi ko ke?"

Kafin la'asar dangi sun taru. Aka ce ta fi ƙarfin gidan, aka ce dama farar ƙafa gare ta. Sufyanu yana ji, amma ba zai iya musa wa uwarsa ba, sai ya juya fuska bango. Wannan shirun ya fi duk zagin yi mata ciwo. Aka sa ta a mota sai gidan iyayenta a Damri.

Can kaɗaici ya ishe ta. Kullum lokacin allura ya yi sai ta kira wayarsa, ta yi ta ringin ba mai ɗauka, ta kifa kai ta sha kukanta. Ba ta kai ƙarar kowa ba.

Su kuwa suka tsaga. Jini ya ɓalle, ya jiƙa zane ya jiƙa katifa. Da ƙyar aka ceto shi a asibiti a Talata Mafara, sai da aka yi masa ƙarin jini.

Gwaggo ba ta aiko dattawa biko ba, da kanta ta hau mashin har Damri. Bayan doguwar gaisuwa ta sunkuyar da kai.

"Husna, ya ƙi cin komi. Ke shika kira."

Husna ba ta ta da zancen tsaga ba, hijabinta kawai ta ɗauka. Da ta isa Sufyanu ya nemi gafararta yana hawaye, ta ce ta yafe, amma ya shanye kununsa tukuna.

Bai warke ba, dama likita bai yi alkawari ba. Amma a hannunta ya yi sauran kwanakinsa har bayan kaka, ba wanda ya sake shiga tsakaninsu. Wanda ya tsaya kan gaskiya cikin ladabi, ko an kore shi za a dawo nemansa.

Ranar da Husna ta shiga takaba, Gwaggo ta naɗo tabarmarta ta shimfiɗa a ɗakin Husna.

"Ba ki kwana ke ɗai, ɗiyata," in ji ta.