Kaset ɗin Gali da Jinyar Umma

"Wallahi na gaji, Bahijja!"

Da wannan Nazeer ya tare ni a zauren gidanmu da ke Soron Ɗinki, ko gaisuwata bai amsa ba. Hannuwana a jiƙe suke da ruwan sabulu, bayana kamar zai ɓalle, don tun hantsi nake durƙushe a kan wankin zannuwan Umma. Na jingina da bango na dube shi.

"Kai ma ka gaji? To sannu. Ni kuma in ce me?"

"Ba faɗa ya kawo ni ba..."

"To me ya kawo ka?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro kaset sabo fil, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Sabon Gali Tsawa ne. Jiya ya shigo gari. Ko a shago ban kunna ba, na ce ke za ki fara ji."

Duk da gajiyar da ke jikina sai da zuciyata ta yi tsalle. Na goge hannu da gefen zani na karɓa.

Ai dama kaset ne ya haɗa mu. Nazeer yana da ɗan shago a Jakara inda yake sayar da kaset yana kuma tura wa mutane waƙoƙi. Na je sayo wa Umma na karatun Alƙur'ani, sai na ji wani saurayi a cikin lasifika yana zuba magana a kan kiɗa kamar ruwan sama, kuma da Hausa tsantsa. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, bakin kowa ya buɗe, samari sun fara hip-hop da harshenmu. Na tsaya cak. Nazeer ya ce mata ba sa gane irin wannan waƙa. Na maimaita masa baitin da aka yi daga farko har ƙarshe, na kuma gaya masa inda mawaƙin ya yi tuntuɓe. Tun daga ranar bai sake barina na huta ba.

"Akwai wata magana," in ji shi, yana kallon ƙasa. "An kira ni Kaduna. Wani situdiyo ne ke neman mai haɗa sauti. Abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan, Bahijjata. Ina so a ɗaura mana aure bayan Babbar Sallah mu tafi tare."

"Umma fa?"

"Kina da yayye..."

"Ina da yayye!" Na yi wata dariya da ba ta da daɗi. "Yaya Lawal yana nan Gwammaja, amma sai ranar Juma'a yake leƙowa da ledar lemo, ko zama ba ya yi. Yaya Zubaida tana Gusau da 'ya'yanta. Wa zai juya Umma? Wa zai kai ta banɗaki? Kai?"

"Bara kin ce in jira, na jira. Bana ma..."

"To ka daina jira mana! Ka tafi Kadunarka. Na ɗaure maka ƙafa ne?"

Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Haka kika ce?"

"Haka na ce."

Ya sa takalminsa ya fita. Ban kira shi ba. Ko ƙarfin kiran ba ni da shi.

Tun rasuwar Baba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Umma. Ni ce auta, ni ce ban yi aure ba, don haka ba wanda ya tambaye ni, jinya ta zama tawa. Wanka, wanki, kunu, magani, juyi. Ƙawayena duk sun tafi ɗakunansu. Abin da ya rage mini a duniya wanda zan ce nawa ne shi ne 'yar wokman ɗin jin kaset a kunne da Nazeer ya ba ni, wadda nake cusa igiyarta ta ƙarƙashin ɗankwali.

Na leƙa ɗaki na ga Umma ta juya fuska bango, na ɗauka barci take. Na koma bakin rijiya, na saka kaset, na ci gaba da wanki.

Kai, Gali ya girma! A kaset ɗinsa na farko gudu kawai yake, kamar wanda ake bi da bulala. A wannan kuwa ya koyi numfashi. Ya sa kalangu a ƙarƙashin bugun turawa, sai ka ji kamar tare aka haife su. Waƙar farko ta 'yan siyasa ce:

"Kaki ya tafi, babbar riga ta zo,
Tukunyar gidanmu har yau ba tuwo."

Na yi murmushi ni kaɗai. Ta biyu ta ɗan acaɓa ce mai takardar digiri a ƙarƙashin kujerar babur. Ta uku ba ta burge ni ba, alfahari ne kawai irin na samari, na ce da Nazeer na nan da mun yi musu a kanta. Sai na tuna abin da na gaya masa, na koma kan wankina.

Sannan ta ƙarshe a wannan gefen ta shigo. Kiɗan ya yi ƙasa, muryarsa ta dushe kamar wanda ya kwana bai runtsa ba.

"Wa ke tuna wadda ta tsaya a gida?
Kowa ya fita nema, ita ta riƙe fitila.
Ba ta a kaset, ba ta a jarida,
Sai ta faɗi a ce, ashe ita ce ginshiƙin gida."

Hannuna ya tsaya a cikin bokiti. Na ƙure ƙarar har ƙarshe, na kifa kai a gwiwa ina kuka. Ban san wani a duniyar nan ya san da irina ba.

Kaset ya ƙare, ya yi ƙas. A cikin shirun nan ne na ji nishi.

"Ba... hijja..."

Na watsar da komai na ruga. Umma na kwance a bakin ƙofar ɗaki, rabin jikinta a waje, goshinta ya fashe, jini ya gangaro har kunne. Butar da ta so ɗauka ta kife, ruwan ya jiƙa mata zani.

"Innalillahi! Umma! Me ya sauko da ke? Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na kira..." in ji ta da harshenta mai nauyi. "Na yi ta kira."

Maƙwabta suka taimaka muka kai ta asibiti, aka yi mata ɗinki. Yaya Lawal ya zo yana huci. Da ya ji yadda aka yi, a gaban kowa ya nuna ni da yatsa.

"Kiɗa! Uwarki na kwance a ƙasa kina jin kiɗan 'yan iska!"

Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan.

Da muka dawo gida na naɗe wokman da kaset ɗin a tsumma na jefa ƙarƙashin gado. Nazeer ya zo dubiya, na ƙi fita. Ya sake zuwa, na ce a ce ina aiki. Daga baya na ji labarin ya bar wa abokinsa Ado shagon ya tafi Kaduna. Ranar ko hawaye ban yi ba. Na dama kunu, na yi wanki, na share tsakar gida.

Sai Umma ta fara ƙin abinci.

"Umma, don Allah ko cokali ɗaya."

Ta kawar da kai.

"Fushi kike da ni? Na tuba, wallahi na tuba. Ba zan sake ba."

"Ɗauko shi," ta ce.

"Me?"

"Abin da ya toshe miki kunne. Ina so in ji."

Na yi ta roƙonta ta bar maganar, ta ƙi. Na ɗauko kaset ɗin na saka a tsohuwar rediyon Baba. Da Gali ya fara, Umma ta yamutsa fuska.

"Wannan wane irin surutu ne, kamar ɗan kamasho a tasha?"

"In kashe?"

"Bar shi."

Da ya zo kan tukunyar da ba tuwo sai ta ce, "Nan kam ya yi gaskiya." Haka muka zauna har waƙar nan ta shigo. Na sunkuyar da kai. Da ta ƙare na ɗago, sai na ga hawaye na bin gefen fuskarta da ba ya motsi.

"Yaron nan ya san ki ne?"

"A'a, Umma."

"To ya fi mu ganin ki." Ta daɗe tana tattaro numfashi. "Ranar nan ba barci nake ba. Duk abin da kuka faɗa a zaure na ji. Na ce bari in gwada... in na iya kai kaina banɗaki, sai in ce miki ki tafi. Ba kiɗa ne ya kayar da ni ba, Auta. Ni na kayar da kaina."

"Umma..."

"Ba na so in zame miki kabari tun kina da rai. Kira mini Lawal. In bai zo ba, ba zan ci ba."

Yaya Lawal ya zo bayan la'asar. Ban taɓa jin Umma ta yi doguwar magana irin ta ranar ba tun da ta kwanta. Kalma na fita da ƙyar, amma ba ta tsaya ba.

"Kai ka zage ta a asibiti. Faɗa mini, da wane hannu ake ɗaga ni? Dama ko hagu?"

Yaya ya dubi ƙasa.

"Ba ka sani ba. Ita kaɗai na haifa?"

"Ki yafe ni, Umma."

"Ba ni za ka roƙa ba."

Ya juyo gare ni. Babban mutum, mai 'ya'ya har sun fara tasawa, amma ya kasa haɗa ido da ni. "Auta, ki yi haƙuri," kawai ya iya cewa. Amma ranar shi ya ba ta kunu da hannunsa, rabi a baki rabi a riga, tana yi masa faɗa yana dariya yana share ido.

Shi ya je Kaduna da kansa ya nemo Nazeer.

Ranar da suka dawo, da na fito zaure na ga Nazeer, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Kin ce in tafi," in ji shi.

"Kai kuma sai ka tafi?"

"Na tafi, amma ban isa ko'ina ba. Duk waƙar da na haɗa sai in ce, ko me Bahijja za ta ce a nan..."

"Nazeer, ka ji ni da kyau. Ko yayyena sun karɓi jinya, ba zan iya yin nisa da ita ba. Ba dole aka yi mini ba. Ni ce ba zan iya ba."

"Na sani, abar ƙaunata. Na yi tunani a can. Kaduna ba Makka ba ce. Ki zauna kusa da ita, ni in riƙa zuwa duk ƙarshen mako."

"Za ka gaji."

"Ai a gajiye nake tun da. Gara in gaji a hanyar zuwa wurinki."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Ba wani taro, ba a kai ni ko'ina ba. Ɗakin Baba na tsakar gida aka yi wa fenti aka sa mini gado. Mutanen unguwa suka yi ta magana, wai miji a gidan surukai. Yaya Lawal da matarsa suka karɓi wasu kwanaki, Yaya Zubaida ta zo ta yi wata guda. Jinya ba ta ƙare ba, Umma ba ta tashi ba. Sauƙi dai aka samu, kamar an ɗan sassauta igiya.

Wata Asabar da azahar Nazeer ya iso, jikinsa duk ƙurar mota. Ya ciro sabon kaset na wasu samari biyu da shi ya haɗa musu sauti, ga sunansa a rubuce a baya.

"Ki ji, ki gaya mini gaskiya. Kada ki ji tausayina."

"Yaushe na taɓa jin tausayinka? Bari in ba Umma magani tukuna."

"Kawo. Ni zan ba ta."

"Kai? Ba ka jin kunyarta?"

Daga cikin ɗaki muryar Umma ta fito a hankali. "Kunya ta masu lafiya ce. Shigo, ɗana."

Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofarta da kofin ruwa. Na shimfiɗa tabarma a inuwa, na kunna rediyo, na ɗora kaina a kan hannu. Kiɗan ya fara da sarewa, mai daɗi ƙwarai. Na ce a raina, wannan zan yaba masa, amma gangar ta yi gaggawar shigowa, sai na gaya masa...

Ban san inda waƙar farko ta ƙare ba.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni. An lulluɓe ni da mayafi, wankin da na bari a bokiti yana kan igiya, an shanya shi a karkace. Nazeer na zaune a bakin ƙofa yana yi wa Umma fifita.

Na zabura. "Wayyo! Ban ji ko ɗaya ba. Mayar da shi farko..."

"Shhh," in ji Umma. "Mu mun ji, mun ma yi musu a kai. Koma ki kwanta, Auta. Akwai mai tsaro."

Na mayar da kaina kan tabarma, hawaye na gangarowa cikin kunnena, na sake rufe ido.