Waƙar da Aka Ɗauko Daga Rumbun Wada

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa a Sabon Birni, Mairama na bakin murhu tana talge, sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunya. Ta ɗaga kai ta dubi katanga, ta zagi yaran maƙwabta, ta tsame tsakuwar da ludayi. Ba a jima ba wata ta sauka a kan kwanon ɗaki, wannan ta fi ta fari girma. Awakin da ke ɗaure suka daina tuƙa, suka juya gaba ɗaya suna kallon tsohon rumbun da ke bayan gida. Mairama ta leƙa lungu ba ta ga yaro ko ɗaya ba, an riga an kora su gida saboda magariba.

Shekarun nan damina ta yi wa Gobir rowa. Gero yakan ƙone tun bai fid da kai ba, dabbobi suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Wada, mijin Mairama, ya jingine noma ya koma sayar da abincin dabbobi, dusa da harawa da 'ya'yan gawo. Sai dai rabin garin ma abin da suka koma ke nan, kuma Wada ba shi da bakin ciniki. Mutum ne mai ɗacin rai, wanda idan ka taya kayansa sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifiyarsa. Buhuna suka yi ta zama a zaure, gidan kuma yana ƙara shiga matsi.

Ruƙayyatu, babbar 'yarsa, ita ta samo mafita. Ta gama sakandare tana zaune a gida, kuma Allah ya ba ta murya mai sanyi. A wayarta takan saurari wata mata da ke koya wa ƙananan 'yan kasuwa yadda za su yi shirin murya, wanda ake kira fodkas, su tallata hajarsu. Matar ta ce kada a cika mutane da talla, a fara ba su abin da zai amfane su. A gajarta, a riƙe rana ɗaya duk mako, a roƙi mai sauraro ya tura wa wani. A nemi wuri marar hayaniya don ɗaukar murya, sannan a sami wani sauti na buɗewa wanda da an ji shi za a san shirinka ne.

Ruƙayyatu ta fara bayani a kan yadda ake jiƙa dusa ta yi auki, da yadda ake gane harawar da ta yi funfuna, a ƙarshe ta ambaci zauren babanta. Wurin ɗauka ne ya gagara. Ɗaki yana amsa kuwwa, tsakar gida ga awaki ga daka. Sai ta tuna da rumbun ƙasa na bayan gida, wanda tun da fari ya sako kai ba a zuba ko damin gero a ciki ba. Ta zaɓi magariba, don lokacin ne unguwa take yin tsit. Ta sa tsani, ta ɗaga murfi, ta sauka ciki da wayarta. Kowace tsohuwa a garin ta san ba a shiga wurin da aka daɗe da rufewa sai da sallama da bisimilla, balle da magariba. Ruƙayyatu ma ta sani, amma ba ta yi ba, hankalinta ne yake kan abin da za ta faɗa.

Da suka saurari abin da ta ɗauko, muryarta ta fita tas. Amma a ƙarƙashinta, can ƙasa ƙasa, akwai wata mace tana rera waƙar rarrashin jariri, da harshen da ba Hausa ba, ba Fulatanci ba. Mairama ta ce babu mai goyo a kewayen nan, a goge abin nan yanzu. Wada ya saurara, ya sake saurara, ya ce ai ga sautin buɗewar da ake nema ya zo har gida, kuma ko wa ya yi waƙar, a cikin rumbunsa ya yi ta. Ya sa Ruƙayyatu ta yanko wurin, ta riƙa buɗe kowane shiri da shi.

Shirin ya bazu fiye da yadda suka zata. Makiyaya daga garuruwan Kurawa da Isa suka riƙa zuwa suna tambayar zauren mai waƙar rumbu. Masu shayi suna kunna ta, 'yan acaɓa sun mai da ita kiran waya. Buhuna suka fara tashi, Wada har ya koyi murmushi, ko da yake bai yi masa kyau ba.

Daga yammacin tsakuwar nan gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Jifa yakan fara da zarar ladan ya ɗaga murya, kuma duwatsun da zafinsu suke sauka. Aka wayi gari an farke buhunan dusa an cuɗa su da rairayi. Wayar Ruƙayyatu takan kunna kanta, waƙar ta tashi, sai wata murya ta amsa mata daga rumbu, ita kuma ba rarrashi take ba, kuka take. Mairama ta roƙi mijinta ya daina sakin shirin. Ya ce mata aikin magabta ne masu baƙin cikin cinikinsa, ta rufe masa baki.

Ranar da za a ɗauki sabon shiri, Ruƙayyatu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta dafe maƙogwaro, ta dubi uwarta, hawaye suka zubo. Tun daga nan ko tari ba ya yi mata sauti. Idan rana ta faɗi sai ta je ta zauna ta fuskanci rumbu, tana girgiza hannuwa kamar mai riƙe da jariri. Wada ya ci gaba da tura tsofaffin shirye-shiryen, ya ce kada masu saye su manta da shi.

Mairama ba ta nemi izininsa ba ta aika garin Turba aka ɗauko Malam Jibrilla, wani tsohon Bafillace da aka sani da karatu a kan masu iskoki. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa sai da ya ji labari. Aka kunna masa waƙar, bai bari ta kai ƙarshe ba ya ce a kashe. Ya dubi Wada ya tambaye shi ko ya san ba mutum ne ya rera ta ba. Wada ya ce shi ɗan kasuwa ne, ba ya tambayar asalin abin da ya tsinta a gidansa.

Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da rumbu, aka zaunar da Ruƙayyatu. Ya fara karatu a hankali, duhu yana sauka. Awaki suka ja igiyoyinsu har ƙarshe. Can sai yarinyar ta ɗago kai, wuyanta ya sandare, wata murya mai kaushi ta tsohuwar mace ta fito daga bakinta.

"Bari ƙona ni, Bafillace. Ba ni na fara ba."

Malam ya tambaye ta wace ce, me kuma ya kawo ta. Ta ce ita aljana ce, sunanta ba ruwansa. Gidanta wani gawo ne a wajen Alkalawa, masu neman abincin dabbobi suka sassare shi har ya mutu. Ta ɗauko ɗanta ta sami rumbun da mutane suka bari, ba ta taɓa ko ƙwayar gidan ba. Sai aka faɗo mata ba sallama, aka sace waƙar da take sa ɗanta barci. Yanzu duk inda aka kunna ta, a tasha ko a kasuwa, ɗan yakan farka yana neman uwarsa ta wajen, bai sake barci ba.

"Sun ɗauki muryata suna saida dusa da ita," in ji ta. "Ni ko na ɗauki ta ɗiyassu. Mi al laihina?"

Malam ya ce mata zalunci ba ya halatta zalunci, kuma abin da ya shiga wayoyin mutane ba mai iya tattaro shi duka. Ta ce waɗanda ke kunna ta a waje ba su sani ba, ta yafe musu. Amma a goge tushen waƙar da ke gidan nan, yarinyar ta roƙi mutane su goge nasu kamar yadda ta roƙe su su tura, a kuma bar mata rumbu har ruwa ya sauka. In an fara da goge tushen za ta saki muryar yarinyar a daren nan.

Malam ya miƙa wa Wada wayar. Wada ya riƙe ta bai taɓa komai ba. Ya ce da wannan waƙar aka san shi, in babu ita da me gidan zai ci. Mairama ta kira sunansa a gaban baƙo, abin da ba ta taɓa yi ba. Shi kuwa ya matso kusa da 'yarsa, ya yi magana da abin da ke cikinta kamar yana ciniki a zaure.

"Ki yi man haƙuri hak kasuwar Isa ta ci. Ina da buhuna da yawa. In ta ci za ni gogewa."

"Ɗiyar taka ta zamna bebiya hal lokacin?" in ji aljanar.

Wada ya ce ai kwana kaɗan ne.

Aljanar ta yi dariya marar daɗi, ta ce wa malam ya ji irin mutanen da yake karewa. Mairama ce ta fizge wayar daga hannun mijinta, ta ɗora a cinyar 'yarta, ta kama yatsanta, suka bi shirye-shiryen suna gogewa har ba abin da ya saura. Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa ba za ta sake taɓa yarinyar ba, ya umarce ta ta fita. Ruƙayyatu ta yi atishawa ta kife a kan tabarma, murfin rumbu ya motsa ya koma daidai, awaki suka ci gaba da tuƙa.

Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Mairama ta rungume ta tana kuka, tana roƙonta ta ce wani abu, ko mene ne. Wada ya tsuguna a gefe, yana faɗin ai dama ya san ba za ta ji abin da aka yi ba, tun da ba ta cikin hayyacinta. Ruƙayyatu ta gyara murya, ta ji ta dawo. Ba ta dubi uwarta ba, babanta ta duba.

"Baba," ta ce a hankali, "yaushe kasuwar Isa za ta ci?"