Hirar da Ta Ƙare a Asibiti

Ranar da ya fara ganinta, tana zaune a ƙuryar wani kantin littattafai, ta dafa sabon littafinta da hannu biyu. Shi ma'aikacin gidan rediyo ne, mai shirin hira da marubuta, kuma ya zo da tambayoyinsa a shirye. Tana ɗago ido ta ce masa sannu da zuwa, ya nemi tambayar farko ya rasa.

Da ƙyar ya kunna rikoda.

"Littafinki a kan 'yan dabar tashar mota yake. Me ya kai ki can?"

"Ƙanena suka kashe," ta ce. "Da rana tsaka, a gaban shagon mai faci. Kowa ya gani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Shi ne na sauya masa suna, na sa shi a littafi."

Bai kai ga wata tambayar ba aka banko ƙofa. Samari ne da gorori da adduna. Suka kifar da kanta, gilashi ya tarwatse, mai kantin ya sha gora a ka ya zube. Babbansu ya damƙo ta, ya danne hannunta na dama a kan tebur.

"Ke ce mai rubutu, ko? Yau za ki daina."

Ya ɗaga adda. Ma'aikacin rediyon bai san lokacin da ya faɗa tsakaninsu ba. Addar ta sauka a damtsensa, jini ya wanke littattafan da ke ƙasa. Ita kuwa ta rarumi kujerar ƙarfe ta maka wa ƙaton a fuska. Ihunta ya jawo masu walda na maƙwabta da ƙarafunansu, 'yan dabar suka arce.

Yana kwance a asibiti saƙonta ya shigo:

"Mai Tambaya, yaya hannun? Hannuna kake jinya a jikinka. Allah Ya ba ka lafiya."

Ya amsa da hagu, harafi bayan harafi:

"Jarumata, ki zo ki duba ni, likita ya ce ke ce maganin."

Ta zo, ta kuma zuwa. Amma da ya nuna yana son aurenta, mahaifiyarsa ta kafe.

"Yarinyar da ake bi da adda? Ɗayan hannun ma kake so su sare? Ban yarda ba."

Ana cikin haka sai mai buga mata littattafai, wanda ya daɗe yana sonta, ya zuga ta: wa ya sanar da wurin hirar a rediyo in ba shi ba? Wataƙila ma da shi aka ƙulla. Ta daina ɗaga wayarsa. Wannan ya fi saran yi masa ciwo.

Da aka sallame shi ya duba rikodarsa, ashe ba ta mutu ba, ta naɗi komai. Ya sa hirar a shirinsa yadda take, har da muryar ƙaton. Washegari aka banka wa babur ɗinsa wuta a ƙofar gida, aka farfasa tagogin ɗakin mahaifiyarsa da duwatsu. Ya sake sa hirar.

Sai mutane suka fara bugo waya. Mai faci ne ya fara, ya ce ya gane muryar ƙaton, kuma a gabansa aka kashe ƙanen marubuciyar. Direbobi suka biyo baya. Kafin mako ya zagayo an kama 'yan dabar.

Ta same shi a bakin gidan rediyon, idanunta sun yi ja.

"Na zarge ka, Mai Tambaya. Ka yafe mini."

"Sai in kin yarda ki aure ni."

"Mama fa?"

Ashe Mama ta saurari shirin, ta ji yadda yarinyar ke kiran sunan ɗanta tana kuka tana ɗaure masa rauni. Da kanta ta aika a kira ta.

Ranar ɗaurin aure, tsohuwar ta kama hannayensu ta haɗa.

"Kun sa na tsufa kafin lokacina," ta ce tana share hawaye. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a masu jin magana fiye da ku."

Ɗakin ya ɗauki amin da dariya, amarya ta ɓoye fuska a kafaɗar angonta.