Muryar Baba Gariba

"Wannan ne kakan yaron da kike son ki kawo mini?"

Abba ya miƙo mini wayarsa. Tsohon bidiyo ne marar launi. Samari huɗu cikin kwat masu sheƙi suna rangaji, na tsakiyarsu ya rungume makirfo yana rera waƙar Turanci.

"Shi ne, Abba..."

"Mawaƙin kulob! Haba Hamdatu! Duk samarin London ki rasa wanda za ki so sai jikan mawaƙi?"

Ummi ta sunkuyar da kai. Ban tambayi wanda ya tura bidiyon a group ɗin dangi ba. Zubaida ce, 'yar ƙanwar Ummi. Ni na nuna mata bidiyon da hannuna ina murna, ban san tun ranar da ta ga saurayin nawa, Shamsudeen, ta ƙyalla ido a kansa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a unguwar Whitechapel. A can na san Baba Gariba, tsoho ɗan zangon Kumasi da ciwon zuciya ya kwantar. Wata safiya ina auna jininsa na ji yana wani gunji a maƙogwaro, mai zurfi, mai daɗi, har tsikar jikina ta tashi.

"Baba, wannan wace irin waƙa ce?"

"Yarinya, kai kana da tambaya!" Ya yi dariya. Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji. "Doo-wop ake ce masa. Mutum huɗu, babu ganga, babu garaya. Ɗaya ya zama ganga da bakinsa, ɗaya ya hau sama, biyu su riƙe tsakiya."

Shi ke nan na kamu. Kullum da tambayata nake zuwa aiki.

Ya ce a jirgin ruwa ya zo yana saurayi, ya kama dako a tashar jiragen ruwa. Can ya haɗu da wasu 'yan Jamaica uku. A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa suke haɗa murya, don wurin yana maido da sauti. Turawa suka kasa faɗin Gariba, suka mayar da shi Gary. Ta ƙofar kicin ake shigar da su kulob, amma in ya buɗe baki sai wurin ya yi tsit. Daga baya da salon waƙar soul ya shigo, yana cikin 'yan Afirka na farko da suka rera shi a garin nan.

"To me ya sa ka daina, Baba?"

"Wannan kuma sai gobe."

Kullum sai gobe!

Jikansa Shamsudeen, malamin lissafi a sakandare, shi ke zuwa duba shi da yamma. A London aka haife shi, Hausarsa a karye take. Wata rana ya tare ni a bakin lif.

"Nurse Hamdatu, kin fi ni sanin kakana. I'm jealous."

"Ai kai ne ba ka tambaya."

"To koya mini... tambaya."

Na yi dariya har na manta hawan da zan je. Kafin a sallami Baba, mun riga mun san abin da ke zukatanmu.

Bayan faɗan Abba na yi kwanaki ba na iya cin abinci. Zubaida kuwa ta shiga tura wa Shamsudeen saƙonnin jaje, wai ita gidansu ba ruwansu da asalin mutum. Duk ya turo mini su.

"Hamdy," ya ce a waya, "I love you, Allah ya sani. Amma ba zan ji kunyar kakana ba. Ko don ke."

"Da ka ji kunyarsa da na daina sonka, masoyi..."

Sai kuka ya ƙwace mini.

Ana haka ciwon Baba ya tashi, aka dawo da shi asibiti. Abba ya ce, "Dattijo ne. Zan je in ba shi haƙuri da bakina, kada a ce na raina shi."

Na bi shi. Shamsudeen na tsaye a jikin taga.

Baba ya saurari Abba har ya gama, ya gyaɗa kai.

"Alhaji, 'yarka ne, kai ke da iko. Na yi waƙa, ban ɓoye ba." Ya dubi agogon bango. "Azahar ya yi. Ku yi mini haƙuri, bakina ya saba."

Ya ɗora yatsa a kunne, ya ja kiran sallah a hankali, don kada ya tashi maƙwabcin gadonsa.

Ban taɓa jin irinsa ba. Muryar ta tsufa, tana karyewa, amma inda take hawa da inda take sauka...

Abba ya miƙe tsaye. Ya ƙura wa tsohon ido har ya kai ƙarshe.

"Masallacin da ke ƙasan shagon tela," ya ce da ƙyar. "Kai ne Malam Ladan?"

"Ni ne. Abokaina biyu suka koma Jamaica, ɗaya ya rasu. Waƙa ya ƙare, murya bai ƙare ba. Sai na kai shi masallaci." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Yarinya, ka ji amsarka."

Abba ya koma ya zauna.

"Ina ɗalibi lokacin, ba ni da kowa a garin nan. Har na fara wasa da sallah. Bas biyu nake hawa cikin sanyi don kawai in ji kiran nan... Ko sunanka ban taɓa tambaya ba."

Na saci kallon Shamsudeen, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa gida ni da Abba. Sai da muka fito tasha yana gyara hularsa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki ce wa yaron ya turo manyansa."

"Abba!"

"Kada ki yi mini ihu a titi."

A keken marasa lafiya aka kawo Baba Gariba wurin ɗaurin aure, shi ya karɓa wa jikansa aurena. Zubaida ba ta zo ba. Daga baya ta kira tana kame-kame, na ce ya wuce.

Baba Gariba bai ga ƙarshen shekarar ba. Ranar ta'aziyya flat ɗinmu ya kasa ɗaukar mutane: dattawan masallaci, tsofaffin 'yan Jamaica da sandunansu, har da matasan mawaƙa da suka ce a tsohon faifansa suka koyi haɗa murya.

Da Shamsudeen ya dawo daga maƙabarta, takalminsa duk laka, ya zauna a gefena ya riƙe hannuna.

"Hamdy, na kasa shiga kabarin. Ƙafata ta ƙi."

"To wa ya karɓe shi?"

"Abbanki," ya ce. "Ya cire babbar rigarsa ya ba ni, ya ce in matsa, wannan aikinsa ne."