Alhakin Ɓerayen Nim

Ranar da Ek ya fara ganin Nim, korarsa ta yi. Na'urar sanyaya ɗakin ɓeraye ce ta lalace a jami'a, aka kira shi gyara. Ya iso da akwatin kayan aiki, ya sha turare kamar mai zuwa biki. Ta tare ƙofa.

"Yaya, ina za ka da wannan ƙamshin? Ɓerayena ba sa son turare. Je ka wanke, ka sa riga da hula, sannan ka dawo."

"Ko uwata ba ta taɓa sa ni wanka biyu da safe ba."

"To yau ka samu wadda ta sa ka."

Ya je ya wanke. Ya gyara na'urar, ya fito, ya zauna a rumfata yana tambayar sunanta. Ni ce innarta, yayar mahaifiyarta, ni na riƙe ta tun uwar ta rasu. Dakakkiyar gwanda da gasasshiyar kaza nake sayarwa a bakin ƙofar jami'ar, a nan garinmu Khon Kaen. Mijina Prasit yana da rai a lokacin. Shi ya faɗa masa sunan, ya ƙara masa cinyar kaza.

Aikin Nim kuwa, ga yadda ta bayyana mini. Akwai wani sinadari da ake zuba wa roba don ta yi laushi. Sukan ba wasu fararen ɓeraye mata shi kaɗan-kaɗan, wasu kuma ba a ba su. Bayan makonni sai a kashe su ba tare da wahala ba, a ciro gidan ƙwan haihuwarsu, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, a duba a madubin ƙara girma. Na waɗanda suka ci sinadarin yakan motse, ƙwan su ragu, wasu su mutu tun ba su nuna ba.

Na'urar nan ta riƙa buƙatar dubawa fiye da kowace na'ura a garin. Daga baya saƙonninsa suka fara shigowa wayarta, tana karanta mini tana dariya.

"Uwar ɓeraye, kin ci abinci? Ko sai 'ya'yan naki sun ƙoshi?"

"Mai turare, na ci. Kai dai kar ka faɗo daga kan tsani kana tunanina."

"Ai na riga na faɗo, tuntuni."

Da maganar aure ta taso, ya kai ta gaishe da mahaifiyarsa, Mae Samruay. Mace ce mai ibada, ba ta fashin kai wa sufaye, wato malaman haikalinmu, abinci da safe, ko sauro ba ta kashewa. Ta karɓi Nim hannu biyu, har sai da ta tambayi aikinta. Nim ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa mata duka. Tsohuwa ta ajiye cokali.

Bayan Nim ta tafi ta ce wa ɗanta, "Wadda ke yanke haihuwar wasu halittu, alhakinsu ba zai bar ta ta haihu ba. Kai kaɗai gare ni, Ek. Ina son jika."

Ta shiga tura shi gyaran fanka gidan Kanlaya, 'yar mai shagon zinari, fankar da lafiyarta ƙalau. Wata ƙawar Nim ta gan shi a can, ta kawo labari. Nim ta rubuta masa:

"Na ji ana shan iska a shagon zinari. Ba sai ka ƙara zuwa ba, Yaya Ek. Ka bi maganar Mae."

Ya amsa: "Fanka na duba, na fito. Ko da ɗa ko babu, ke nake so. Amma ba zan aure ki Mae tana kuka ba. Ki ba ni lokaci, Nim."

A cikin wannan damina ne Prasit ya rasu, gidanmu ya yi shiru. Ek ya zo ya ɗauki gawa tare da maza, ya jera kujeru a haikali, ya wanke kwanuka. Nim ta gaishe shi kamar baƙo.

Kowace shekara masu ɗakin ɓerayen sukan gayyaci sufaye, a yi sadakar abinci, a ba dabbobin da aka kashe ladan. Ek ya san uwarsa ba ta ƙin gayyar neman lada. Ya ce mata ana neman mai dafa shinkafa mai danƙo, ta zo da kwandunanta, fuska a ɗaure.

Aka shimfiɗa tabarmi a farfajiya. Sufaye suka yi karatu, malaman jami'a da ɗalibai suka durƙusa. Da aka zo zuba ruwan miƙa lada, Nim ta ɗauki 'yar butar, tana tsiyayawa a hankali, leɓɓanta na motsi, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Har kowa ya tashi ita ba ta gama ba.

Mae Samruay tana gefena muna raba kaza. Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ashe ta san zunubi ne. To me ya sa take yi?"

Na ce, "Saboda ni."

Ta juyo ta dube ni. Na gaya mata shekarun da na yi a wata masana'antar takalman roba can bakin teku, hannu tsirara cikin man nan mai yauƙi da ake zuba wa roba ta yi laushi, wari har cikin shinkafarmu. Ciki uku na yi, duk suka zube. Jinina ya ɗauke tun ban kai arba'in ba. Mu da yawa ne a layinmu haka ta same mu.

"Ban taɓa kashe ɓera ba, Mae, kuma ba ni da ɗa. Na tambayi Nim ko man ne ya yi mini haka. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, ɓera ba mutum ba ne. Amma idan ba a gani a jikin ɓera ba, ba wanda zai ba 'yan matan da ke wurin yanzu ko safar hannu."

Tsohuwa ta rufe kwandon shinkafa. Sannan ta kira Nim da hannu.

"Zo nan, 'yata. Ban canja ra'ayi ba, alhaki alhaki ne. Amma bai kamata ki ɗauke shi ke kaɗai ba. Daga bana ni ce mai dafa abincin sadakar nan, kuma duk sabon wata za mu je kogi mu saki kifi mai rai don neman lada, ni da ke. Kin ji?"

"Idan kuma ban haihu ba, Mae?"

"Sai mu ƙara kifin. Share idonki, mutane na kallo."

Ek yana tsaye bayan ginshiƙi yana murmushi kamar wawa. Ta daka masa tsawa ya zo ya kwashe kwanduna.

Bayan girbi aka yi bikin, a tsakar gidana. Ni na zauna a wurin uwa, aka bar matashin zaman Prasit a gefena, ba wanda ya hau. Dattawa suka bi layi suna ɗaura wa ango da amarya farin zare a wuyan hannu. Da aka zo kan Mae Samruay, ta ƙulla zaren a hannun Nim, ta riƙe hannun ba ta saki ba.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. Abin da zai zo gidanku ya zo da albarka. Wanda bai zo ba, kar ya raba ku."

Nim ta sunkuya ta ɗora goshinta a kan gwiwar tsohuwar.