Taswirar Gungun Marke

Wata Talata ce cikin watan Afrilun 1975, ana yayyafi, wani saurayi dogo ya turo ƙofar ofishin shirya tafiye-tafiye na Mista Bernard da ke babban titin Lewisham, a birnin London. Luba na zaune tana buga tafireta. Ta ɗaga kai ta ga hula zanna a kan kwat ɗin Turawa, duk ta jiƙe, mai ita kuma yana ta kokawa da lema ta ƙi rufuwa.

"Wash, wannan lema!" in ji shi, shi kaɗai.

"Danna maɓallin ƙasa," ta ce da Hausa.

Ya tsaya cak, ya dube ta, ya manta da lemar.

"Ikon Allah. Bahaushiya a Lewisham?"

"Mun fi ƙarfin mutum ɗaya ma. Bismillah, zauna."

Sunansa Uwaisu, mutumin Gumel, yana karatun safiyo da zanen taswira. Ya ce tafiya yake so a shirya wa mutum biyu, ango da amarya, zuwa tsibiran Seychelles. Shekarun nan kuɗin mai ya buɗe a Najeriya, waɗanda da ba su wuce Kaduna ba sai ga su suna tambayar inda teku ya fi kyau.

"Tsibiri bakwai a kwana bakwai," ya ce.

Luba ta ajiye biro. "Yawon buɗe ido za a yi ko gudun fanfalaki? Ba na rubuta wa kowa ƙasa da kwana biyu a tsibiri. Babana ya ce kwanan farko baƙo kake, sai a na biyu kake sanin sunan mai kwalekwale."

Ta shimfiɗa taswira. Kwana uku a Mahé, daga nan jirgin ruwa mai filafilai zuwa Praslin, sannan La Digue, inda amalanken shanu ke ɗaukar baƙi daga bakin ruwa.

"Shanu?" Uwaisu ya yi dariya. "Ashe Gumel ce aka kai tsakiyar teku."

"Ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"Ko tafki ban taɓa tsallakewa ba."

"To, sannu Ɗan Tudu."

"Yauwa, Matuƙiya."

Sunayen nan biyu ba su sake barinsu ba.

Daga ranar Uwaisu ya zama ɗan gida. Yau a sauya masauki, jibi yana tambayar inda alƙibla take a Praslin, gata ko akwai kifi mai ƙaya. Mista Bernard, wanda shi haifaffen tsibiran ne, ya ce bai taɓa ganin tafiyar mako biyu da ta ci shiri irin wannan ba.

Luba tana jin daɗin zuwansa, tana kuma jin haushin kanta. Mutum yana shirin kai amaryarsa yawo, ke mene ne naki na duba agogo? Ranar da za a yanki tikiti ta ɗaure fuska, ta ce:

"Sunan amaryarka? Zan sa a tikiti."

"Amaryata?" Ya zaro ido. "Subhanallahi! Ta Yaya Abdulƙadir ce, wana. Ɗan kwangila ne a Legas, ni ɗan aike ne kawai."

Ta sunkuyar da kai kan tafireta, ta buga layi guda cur ba tare da ta sa takarda ba.

Washegari ta tarar da ambulan a ƙarƙashin ƙofa.

"Matuƙiya, sallama da fatan alheri. Aikin Yaya ya ƙare, ni kuma dabara ta ƙare mini, ba ni da sauran abin da zan ce a sauya. Gaskiyar ita ce ba alƙiblar Praslin ke kawo ni ba. Ina son ki. Idan da wuri a jirginki, a ɗauki Ɗan Tudu. Uwaisu."

Ta karanta sau uku, sannan ta ba shi amsa a bayan katin hoton La Digue.

"Ɗan Tudu, wuri akwai. Amma jirgin yana da mai shi, sunansa Malam Nata'ala, yana gida ran Lahadi bayan azahar. Luba."

Malam Nata'ala haifaffen wani tsibiri ne a kogin Kwara, ƙasar Yawuri, ana ce masa Gungun Marke. Yana saurayi ya bi ruwa har Legas, ya yi aiki a manyan jirage, ya ƙare a London. A 1968 wasiƙa ta zo masa cewa ruwan madatsar Kainji ya taso, an kwashe mutanen gungun zuwa tudu, garin ya nutse da kabarin mahaifiyarsa. Tun daga ranar bai koma gida ba, bai kuma sake ambatar sunan garin ba.

Ya karɓi Uwaisu a falo, ya saurare shi har ƙarshe. Luba na kicin da mahaifiyarta, Inna Hansai, kunnenta na jikin ƙofa.

"A ina kuka haɗu?"

"Wajen shirya wa wana tafiya tsibirai, Baba."

"Tafiyar me? Fatauci?"

"A'a, hutu ne. Daga wannan tsibiri zuwa wancan."

 Tsohon ya ce, "Tsibiri gari ne, yaro, da mutane da kaburbura. Ku kuɗi ya zo muku jiya, kun mai da shi wurin shan iska. Wanda ya saba yau nan gobe can, haka zai yi da mace. Ka gaida gida."

Da Uwaisu ya fita, Malam Nata'ala ya kira 'yarsa ya ce akwai Maharazu, ɗan amininsa na Yawuri, likita a Croydon, ya riga ya aiko. Ɗan ruwa ne, an san asalinsa. Bayan Sallah za a tsayar da magana.

"Baba, Maharazu fa ko a baho tsoron ruwa yake."

"Luba!" in ji Inna Hansai, tana danne dariya.

Luba ba ta yi kuka ba. Ta san mahaifinta, ta kuma san ba Uwaisu ne ya ɓata masa rai ba. Ta rubuta:

"Ɗan Tudu, kada ka karaya. Baba ba kai yake ƙi ba, garinsa yake nema ya rasa. Sunansa Gungun Marke, kudu da Yelwa. Kai mai taswira ne. Sauran ya rage naka."

Mako uku ba ta ji ɗuriyarsa ba. Maharazu ya zo sau biyu da sabuwar motarsa, ya yi ta ba ta labarin gidan da zai saya, ita kuwa tana cewa "Allah ya sanya alheri." A mako na uku zuciyarta ta fara raya mata ko Ɗan Tudu ya ga zurfin ruwa ya juya. Sallah saura kwana goma sha biyu.

Ran Lahadi sai ga sallama. Uwaisu ne, da doguwar takarda a naɗe, yatsunsa duk tawada. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Baba, ba maganar ran nan ta kawo ni ba. Tafiya nake so a shirya mini. An ce a wajenka Luba ta koya."

Ya warware takardar a kan darduma. Taswirar kogin ce kafin ruwa ya taso. Ya tono tsohuwar taswirar a ɗakin karatu, ya kwafe ta da hannunsa, gungu bayan gungu.

Malam Nata'ala ya sa tabarau. Yatsansa ya bi kogin a hankali, ya gangara, ya tsaya wuri guda. 

"Wa ya zana wannan?"

"Turawan safiyo, Baba. Ni kwafa na yi."

"Sun yi kuskure. Mashigin ba ta nan yake ba, nan duwatsu ne, sai su fasa maka jirgi. Ba ni fensir."

Ya gyara mashigin. Ya sa alamar marken da garin ya ci sunansa, da masallaci, da inda mata ke shanya kifi. Ya sa wani ɗan ɗigo a gefen gabas, bai faɗi ko mene ne ba, babu kuma wanda ya tambaya. Inna Hansai ta share ido da gefen mayafi. Shekara bakwai rabon da ta ji muryarsa haka.

"Baba," in ji Uwaisu, "da wannan da kamfas zan iya tsayar da kwalekwale daidai saman ɗigon nan, ko ruwa ya kai gaba goma. Tsibiran da ba su nutse ba kuma mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ka gaisa da mutanenka. Kwana bibbiyu, ba ƙasa da haka ba."

"Kai da ba ka iya ruwa ba?"

"Shi ya sa nake neman matuƙi."

Tsohon ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya nuna ƙofar kicin da haɓa, inda gefen zanen Luba ya leƙo.

"Wancan tsibirin fa? Kwana nawa ka rubuta masa?"

Uwaisu ya dubi ƙasa. "Baba, wancan ban yanki tikitin dawowa ba."

"Hansai," in ji Malam Nata'ala, "kawo wa yaron nan abinci. Kai kuma ka ce wa wanka ya zo ya same ni. Uban Maharazu ni zan rubuta masa, aminina ne, zai fahimta."

Abdulƙadir ya iso daga Seychelles ya yi baƙi ƙirin, yana ta santin amalanken La Digue, ya nema wa ƙanensa aure. Aka ɗaura bayan Sallah da mako biyu, a falon nan na Lewisham, aka raba goro da alewa. Mista Bernard ya yi wa ango da amarya tayin Praslin, Luba ta yi godiya ta ce sai baɗi, bana akwai tsibiran da suka riga.

Da sanyin Disamba kwalekwale ya tashi daga Yelwa da mutum huɗu, har da Inna Hansai, da matuƙi. Uwaisu ya ƙanƙame gefen jirgi da hannu ɗaya, kamfas a ɗayan.

"Ɗan Tudu, buɗe idonka mana," in ji Luba. "Wa zai duba mana hanya?"

"A buɗe suke, Matuƙiya. Addu'a nake."

Da hantsi Uwaisu ya ce a tsaya, sun iso saman ɗigon, inda kabarin yake. Ruwa ne shimfiɗe ko'ina, ba marke ba masallaci. Malam Nata'ala ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, suka shafa. Sannan ya ɗebi ruwan da tafinsa, ya shafa a kan 'yarsa, ya shafa a kan surukinsa.

Ya ce wa marigayiyar, "Inna, ga Luba, ga wanda ya kawo ni. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai sanin hanyar gida."

"Amin, Baba," suka ce tare.

Ya karɓi filafili daga hannun matuƙin, ya juya kan jirgin zuwa gungu na gaba.